Gudu da Karnukan Sarkin Baka

Juma'a, 9 ga Janairu

Bayan an idar da sallar Juma'a Liman ya yi sanarwar da muka roƙe shi ya yi. Ya ce Lahadi ta sama malamin firamare zai taso da gudu daga ƙofar gidan Dagaci har bakin kasuwar Dambatta, kilomita 21, tare da karnukan Sarkin Baka. Mai niyya ya yi alkawarin abin da zai bayar idan an kai, ko kuɗi ko hatsi. Abin da aka tara za a sayi allurar rigakafin haukar kare a yi wa karnukan garin nan kaf, ragowar kuma a ajiye saboda wanda tsautsayin cizo ya faɗa wa.

Daga sahun baya aka fara ƙus-ƙus. Wani dattijo ya ɗaga murya ya ce, "Allah gafarta Malam, marayu ne suka ƙare a garin nan da za a kafa wa kare asusu?" Liman bai ja da shi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ai kai ne a damana ranar da muka sallaci yaron unguwar gabas." Ba wanda ya ƙara tofawa.

Yaron ɗan ajina ne, shekararsa tara. Lokacin noman farko wani kare da ba a san mai shi ba ya cije shi a ƙwauri a bakin gona. Ciwon bai taka kara ya karya ba, aka barbaɗa masa garin magani, ya warke. Bayan wata biyu zazzaɓi ya rufe shi, ya riƙa firgita, in an miƙo masa ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe. Ko da aka kai shi asibiti, haƙuri kawai aka ba uban. Haka cutar take. Ƙwayarta na cikin yawun kare, tana bin jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata biyu zuwa uku, kuma da zarar alamunta sun fito kusan ba a tashi. Alhali kafin nan allura na iya tare ta.

Tun da aka ɗauke gero nake atisaye a ɓoye-ɓoye. Yau da aka faɗa a masallaci, ba sauran ja da baya.

Asabar, 10 ga Janairu

Ana sallame asuba na tarar da ɗan Sarkin Baka a bakin burtali yana hura hannuwa, karnuka uku na kewaya shi: Duna, baƙi mai faɗin ƙirji, Ba-ruwanka, ja mai yankakken kunne, sai karya Ƙyale-su, wadda ke jan gaba. Karnukan gida ne irin namu, sirara masu dogayen ƙafafu, kowanne da laya a wuya.

Mu nan ba mu da daji. Daga garinmu har Dambatta, har Bichi, har ka shiga Kano, gona ce jingine da gona. Masanin nan Michael Mortimore ya shekara da shekaru yana nazarin yadda wannan yanki na kewayen Kano ke ciyar da ɗimbin jama'a, ana noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, ya nuna cewa taki ne da dabbobi da itatuwan da ba a sarewa suka riƙe ƙasar. Mai gudu da sassafe yana ganin haka da idonsa. An fara jibge taki tsibi-tsibi a gonaki, an ɗora harawar wake da ta gyaɗa a kan rassa don kada awaki su kai gare ta, gawo ya yi kore shar a tsakiyar rani alhali kuka ta kaɗe ganyenta. Wurin gudu kuwa burtali ne kawai, tsakanin shingen aguwa da na kara, yashi wani wurin har idon sawu.

Kare ba ruwansa da agogo. Ya zabura, ya tsaya ya shinshina ramin gafiya, ya dawo ya leƙa fuskarka, ya sake zabura. Ɗan Sarkin Baka ya kalle ni ya ce, "Malam, kana dukan ƙasa da yawa. Mu sassarfa muke yi, don mafarauci bai san lokacin komawarsa gida ba." Gajeren taku, kafaɗa a sake, numfashi daidai yadda za ka iya amsa gaisuwa. Shi takalmin roba ne a ƙafarsa, ni kuwa kambas ɗin gwanjo da na sayo a Ƙofar Wambai, amma ni ne mai haki.

Da rana ta ɗaga sai lamari ya juye. Karnukan suka zaro harshe, kowanne na neman gindin tsamiya. Mutum ta gumi yake fitar da zafin jikinsa, kare kuwa ta haki, gumin da yake yi bai wuce ɗan na tafin ƙafa ba. Nan muka yanke shawara: ranar gudu karɓa-karɓa za su yi, kuma a sallame su kafin hantsi ya yi zafi.

Lahadi, 11 ga Janairu

Na bi motar kasuwa zuwa Dambatta da littafin alkawari a aljihu. 'Yan garinmu masu awon hatsi sun rubuta, wasu da fara'a, wasu don kunyar ido. A kara na sami malamin dabbobi yana duba bakin wani bijimi. A kwalejin aikin gona ta Audu Bako da ke nan Dambatta ya yi karatu, kuma shi ne zai yi mana allurar. Muka koma rumfar mai shayi.

Ya ce, "Malam, in kun yi wa kare goma kun bar talatin, kun zubar da kuɗinku. Sai an sami bakwai cikin kowane goma, kashi 70 cikin ɗari, sannan cutar ke rasa hanyar bi daga kare zuwa kare. Shingen gona ne. In ka bar kafa, akuya ba ta tambayar tsawon inda ka kafe."

Ya kawo misalin Njamena, babban birnin Chadi. A 2012 da 2013 an bi karnukan birnin da allura har aka haura kashi 70, cutar ta ɗauke na tsawon watanni, daga baya karnukan da aka shigo da su daga waje suka dawo da ita. Meziko kuwa ta dage shekara bayan shekara, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ta kawar da haukar da mutane ke ɗauka daga kare. Abin da na fahimta: ba aikin rana ɗaya ba ne, kuma ba na gari ɗaya ba ne.

Na tambayi inda allurar ke fitowa. Ya ce ana yin ta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, akwai kuma ta waje. Sharaɗinta sanyi: tsakanin digiri 2 da 8, daga firji zuwa kula mai ƙanƙara zuwa jikin kare. In ta sha rana ta zama ruwa. Sannan ya jefo mini tambayar da ba ni da amsarta: "Karnuka nawa ne a garinku?"

Litinin, 12 ga Janairu

Sassarfa kaɗan kafin makaranta, ba karnuka.

Na ajiye darasin lissafi na kawo bokiti da sabulu aji. Na ce duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, kafin kuka, kafin neman mai karen, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar. Muka gwada a hannun wani yaro ina riƙe da agogo. Minti uku suka ce ai ya isa. Suka ga tsawon minti 15 da idonsu. Na ƙara da cewa in an san karen kuma lafiyarsa ƙalau, a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma, amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura.

Na rubuta musu a allo abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta: mutum wajen 59,000 ke mutuwa da cutar kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Na ba su labarin Louis Pasteur na Faransa, wanda a 1885 ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, allurar farko bayan mahaukacin kare ya yayyage shi, yaron ya rayu. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu. "Malam, tun 1885?" Na ce tun 1885. Ta juya ta kalli bencin da ba mai zama a kansa tun damina.

Aikin gida: kowa ya ƙirgo karnukan layinsu, da launi, da gidan da kowanne ke kwana.

Talata, 13 ga Janairu

Da yamma na je zauren Sarkin Baka da maganar cewa karnukan da za su ratsa garuruwan mutane ya kamata su fara karɓar allura. Yana zaune a kan buzu yana wasa barandami, ƙaho da kwari a rataye a bango. Ya saurare ni har na dasa aya.

"Ɗana, gudu na ba ka karnuka ka yi, ban ba ka su a tsira musu ƙarfe ba. An ce abin nan yana kashe hancin kare, karya kuma ta daina haihuwa. Ƙyale-su jikar karyar mahaifina ce. In ta tsaya, gidan nan ya tsaya."

Na ce, "Baba, ba ya yin ko ɗaya." Ya ce, "Kai ka ce." Muka yi sallama lafiya, ba a kan komai ba.

Maiɗakina ta yi shekaru tana bin gida-gida da ɗigon shan inna, saboda haka da na ba ta labari dariya ta yi. Ta ce wannan magana ta rashin haihuwa ita ce ta tsayar da rigakafin a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, kuma ba da gardama aka shawo kanta ba. A Oktoban 2004 a bainar jama'a Shugaba Obasanjo ya ɗiga wa 'yar Gwamna Ibrahim Shekarau, daga baya hakimai da dagatai suka riƙa fito da nasu 'ya'yan. Rabon Kano da ainihin ƙwayar cutar tun 2014, a Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ta ce, "Malam, ka daina wahalar da bakinka. Dagaci na da kare a gonar rogonsa. Da shi za a fara, kowa na gani."

Laraba, 14 ga Janairu

Hazo ya sauko cikin dare. Da asuba ko rimin bakin gari ba a hange. Ƙurar nan daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke kwaso ta, ta sauke mana a maƙogwaro. Na ɗaura rawani a hanci muka fita, ba mu yi nisa ba tari ya mayar da ni tafiya.

A hanyar dawowa Duna ya ɗage ƙafa. Tsidau ne ya shige tsakanin yatsunsa. Ɗan Sarkin Baka ya durƙusa, ya rungumo wuyansa, ya zare ƙayar da farce, ya shafa masa man kaɗe, ya bi kunnuwansa ya cire kaska biyu. Karen bai ko yi gurnani ba. Na lura da kyau, domin ranar allura abin da za mu fi buƙata ke nan: mutumin da kare zai yarda ya riƙe shi. Kuɗi na sayen allura, ba ya sayen wannan.

Inna ta ga faso a dugadugaina ta ce, "Kai da kake da albashi, ina ruwan kare da gudun layya?" Ta gama faɗanta ta aiko mini da kwanon fura da man shanu, ta ce a rubuta mata tiya biyu ta wake.

Alhamis, 15 ga Janairu

Yara sun kawo ƙidaya, maiɗakina da abokan aikinta na shan inna sun bi sun tantance, don su ne suka san kowace ƙofa. Adadin ya ninka abin da mai unguwa ya zata. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne amsar da aka riƙa ba yaran: "Ba namu ba ne, nan dai yake kwana." Karen da ke gadin rumbu, yake korar ɓarawon akuya, yake cin sauran tuwon gidan, in an tambaya sai a ce ba na kowa ba ne. Na mafarauta da na Fulanin da ke bakin fadama ne kaɗai aka ambaci masu su kai tsaye.

Bayan isha'i na kai wa Liman wannan damuwa. Ya ce mutane na ƙyamar a jingina musu kare ne don suna ganin abin kunya ne a addini, alhali fiƙihun da muke karantawa a zaure bai ce haka ba. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana ajiye kare a gida haka kawai, amma ta halatta shi don gona, don kiwo, da farautar neman abinci. Suratul Ma'ida ta halatta naman da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Ga kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Ya ce, "To wanda ya ajiye don gona, haƙƙin ci da sha da lafiyarsa na wuyansa, haka haƙƙin maƙwabcin da zai iya ciza. Ba a cin moriyar dabba a yi musun ta. Gobe zan faɗa."

Juma'a, 16 ga Janairu

Ya kuwa faɗa, a huɗuba. Da aka fito, malamin dabbobi na jira a gindin darbejiyar ƙofar fada da kularsa. Dagaci da kansa ya sa aka jawo karen gonar rogo, ya dafa kansa, aka ɗaga fatar wuya aka yi allurar, aka shafa masa shuɗin fenti a goshi, aka rubuta kati. Karen ya girgije ya tafi shinshinar bawon rake. Jama'a suka jira ya faɗi, bai faɗi ba.

Sarkin Baka na tsaye can gefe da hannu a baya. Can ya yi wa ɗansa magana a kunne. Aka zo da Ba-ruwanka, sannan Duna. Ƙyale-su ce ta ƙarshe, shi ya riƙe ta da hannunsa, ya kau da kai lokacin da allurar ta shiga.

Littafin alkawari ya cika shafi bayan shafi: naira ɗari biyu, ɗari biyar, kwanon gero, damin dawa, zakara, kwalbar man gyaɗa daga matan da ke ƙuli-ƙuli. 'Yan garinmu da ke Dawanau da Legas sun fara turowa ta waya. Wani ƙanena a can ya ce abin da ake yi ke nan a gudun fanfalaki na Landan, wanda aka fara a 1981: mutum ya yi kilomita 42 da 'yan kai, dangi da abokai su biya, kuma kuɗin agajin da aka tara da shi ya haura fam biliyan ɗaya. Na Legas, da ake yi a watan Fabrairu tun 2016, 'yan Kenya da Habasha ne suka fi lashe shi. Da na faɗa wa Dagaci ya ce, "Malam, mu da muke gayya tun kakanni ba sai Landan ta koya mana haɗa hannu ba. Sabon abu a nan shi ne gudun. Ba don shi ba, wa zai tsaya a ƙofar masallaci yana zancen kare?"

Asabar, 17 ga Janairu

Hutu. Na wanke kambas, na jiƙa dabino, na haɗa ruwan gishiri da sukari a jarka. An auna hanyar da babur da waya tun tuni, an sa wa wuraren canjin karnuka alama da toka.

Da la'asar Sarkin Baka ya aiko a kira ni. Ya sa Ƙyale-su ta bi sawun fatar zomo da aka ja a bayan gida, ta kuwa kai shi har inda aka ɓoye. Bai ce komai a kan hanci ba, ni ma ban tayar ba. Laraba motarsu za ta tashi zuwa farautar rani, don a gonakin nan ban da gafiya da kurege da ɗan zomo ba abin da ya rage, dole sai an yi nisa. Ya juya katin allurar a hannunsa ya ce tun abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Kano a hanyarsu ta dawowa gida yin Salla, ba ya raina kowace takarda da za ta nuna ko shi wane ne. "A yi wa na yarana duka kafin Laraba."

Na ba shi labarin garin Nome na Alaska, inda a 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke cikin tsananin ƙanƙara, aka yi karɓa-karɓa da ayarin karnuka masu jan kaya suka kai magani daga nisan sama da kilomita dubu cikin kwana biyar da rabi. Na ce Togo ne ya yi zango mafi tsawo da haɗari, amma Balto da ya shiga gari da maganin shi aka yi wa mutum-mutumi a New York. Ya yi dariya har da tari. "Ko a wurinmu wanda ya shigo gari da nama a kafaɗa shi makaɗa ke yi wa kirari."

Lahadi, 18 ga Janairu

Hazo ya yi sauƙi. Bayan asuba aka busa ƙaho a ƙofar fada, makaɗan farauta suka saki ganga, Liman ya yi addu'a, Dagaci ya ce, "Allah ya kai ku lafiya." Muka ɗauki burtali, ni da ɗan Sarkin Baka da Ƙyale-su, kurkura na biye da sauran karnukan da jarkar ruwa.

Zangon farko daɗi gare shi. Sanyi na cizon kunne, yashi ya yi sanyi, karyar na gaba tana waiwaye. A ƙauyen farko mata masu daka suka tsayar da taɓare. Wata tsohuwa ta ƙwala mini kira, "Ɗan nan, lafiya? Wa ya biyo ka?" Ɗan Sarkin Baka ya amsa mata bai tsaya ba: "Iya, haukar kare muke kora!" Duk inda za mu ratsa gari sai a sa wa karen igiya. A ƙauye na biyu karnukan garin suka taso mana su biyar, ba ko ɗaya mai alamar mai shi. Ya tsaya cak, ya buga gora a ƙasa, ya daka tsawa, suka ja baya. Kafar shingenmu ke nan, na gan ta da idona.

Duna ya karɓa daidai inda ƙasa ta fara gangarawa zuwa fadamun Tomas, ɗaya daga madatsun ruwan shekarun 1970 da suka samo asali daga shirin Gwamna Audu Bako. Nan rani bai da iko: albasa, tumatir, alkama, injinan ban-ruwa na ta tatata. Masu lambu sun ji labari a kasuwa. Wani ya biyo mu da gudu ya cusa wa mai kurkura kuɗi a hannu, ya ce ƙanwarsa ma kare ya taɓa cizo, sai da suka sayar da tunkiya kafin a kammala mata allurai.

Wajen kilomita 16 ƙafafuna suka yi nauyi, sha-raɓa ta ɗaure. Ba-ruwanka ne a lokacin, shi kuwa ba ya jan gaba, gefenka yake bi, in ka rage ya rage. Na koma ƙirga numfashi, na ci dabino, na kurɓi ruwan gishiri. Da muka hau kwalta rana ta fara duka, motocin shanu na wuce mu suna hon. A gindin wata tsamiya kafin shiga gari muka tsaya aka ba karnukan ruwa, aka bar su da mai kurkura, don ba a shiga kasuwa da kare. Nan na tarar da 'yan ajina da suka riga mu a mota, suka rufa mana baya da silifa da ihu har bakin kasuwa. Awa biyu da wani abu.

Ina zaune a ƙasa ana zuba mini ruwa a ka sai ga Alhajin da ya yi maganar marayu. Ya ƙirgo kuɗi masu kauri ya ce, "Malam, ka rubuta a ɓangaren wanda aka ciza. Ban da kare." Na ce, "An gama, Alhaji. Allah ya saka da alheri."

Litinin, 19 ga Janairu

Da bango na dafa na tashi. A zauren Dagaci aka zazzage komai a tabarma, aka auna hatsi aka sayar wa masu awo a farashin jiya, aka karanta kowane suna da abin da ya bayar. Kusan kowa ya cika alkawari, 'yan kaɗan sun nemi a jira su zuwa kasuwa mai zuwa. Aka raba biyu: na allurar karnuka aka damƙa wa malamin dabbobi ya tafi Kano, na ajiya kuma aka sa a hannun mutum uku, Liman da mai unguwa da uwar adashin matan gari, ba a fitar da ko sisi sai biyu sun yarda. Wanda aka ciza, ko tsakar dare ne, a ba shi kuɗin mota da na allurar farko, a yi lissafi daga baya. Sankira ya zaga da shela: gobe da hantsi, ƙofar fada, kowa da karensa.

Talata, 20 ga Janairu

Mafarauta suka fara zuwa, kowanne da uku ko huɗu a igiya. Fulanin bakin fadama suka biyo. Sannan aka yi shiru mai tsawo, har malamin dabbobi ya fara duba ƙanƙarar kularsa. Yara ne suka ɓalle shirun. Su ne karnukan nan ke bi, su ne suka san inda kowanne ke kwana, suka riƙa jawo su da igiyar guga, 'yan kwikwiyo a cikin kwando. Kowane kati sai an rubuta sunan mai kare, nan ne ake turjiya. Uba ya tsaya nesa ya ce a rubuta sunan yaron, Liman ya ce yaro ba ya ɗaukar nauyin dabba, a rubuta mai gida. Jikan Alhaji ya zo da wani fari da ke kwana a gindin rumbunsu, aka aika a tambayo sunan da za a sa, aka dawo da amsa: a sa nasa.

Waɗanda suka gagara kamu ɗan Sarkin Baka da abokansa suka bi su har gida da takunkumin tsumma. Kafin azahar shuɗin goshi ya cika gari. Muka gwada da ƙidayar yara, malamin dabbobi ya ce mun haura bakwai cikin goma, amma ya nuna layuka shida a littafin da ba a cike ba: karnukan kwata, masu cin jini da ƙashi a bayan rumfar mahauta, waɗanda suka fi kowanne yawo da faɗa. Ba mai kamo su, don ba mai amsa sunansu.

Aka kira Sarkin Fawa. Ya ce shi bai taɓa sayen kare ba. Dagaci ya ce, "Wa ke zuba musu abin da suke ci?" Ya yi jim, ya goge hannu a rigarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta su da sunana. Amma sai da yamma, in an watsa musu hanji, sannan za su kamu." Malamin dabbobi ya aika a ƙaro ƙanƙara daga firjin sola na asibitin gari, ya ce zai jira.

Ya tuna mana cewa baɗi war haka sai an sake, kuma kwikwiyon da za a haifa kafin nan ba su cikin lissafin yau. Dagacin ƙauyen da karnuka biyar suka taso mana ya aiko yana tambayar yadda muka tsara littafin alkawari. Alhamis bayan an tashi daga makaranta ni da maiɗakina za mu kai masa, ita za ta zauna da matan, ni da malaman makarantarsu, a fara da ƙidaya.